Kafin ku zagi Baturen nan mai doki da bindiga

1/ Tun jiya nake ganin hoton nan yana yawo: Bature a kan dutse, doki a bayansa, ya riƙe ƙahon dabbar da ya harbe yana washe baki. Kowa sai tsinuwa, wai mugu, wai azzalumi. Ku ɗan tsaya, ni ban yarda da ku ba.

2/ Irin wannan farauta ake yi a jihar Wyoming ta Amurka, a tsaunukan da ke kewaye da gandun dajin Yellowstone. Cikin gandun an haramta farauta. A wajensa ake yi, wajen Satumba da Oktoba. Dabbar sunanta elk, ƙatuwa ce kamar gwanki, ƙahon namijin rassa-rassa.

3/ Me ya kawo doki? Dokar 1964 ce ta hana mota da babur shiga irin waɗannan dazuzzuka. Wani yanki da ake kira Thorofare, sai ka yi kusan kilomita 50 a kan sirdi kafin ka isa sansani. Alfadarai ke ɗaukar tanti da abinci, su ne kuma ke fito da naman.

4/ Ba ka tashi kawai ka saɓa bindiga ba. Baƙo sai ya shiga ƙuri'ar lasisi, wani ya yi shekaru yana jira. In ya samu, an ƙayyade masa yanki da kwanaki da irin dabbar. Guda ɗaya. Ya yanke kai ya bar nama ya ruɓe a daji, laifi ne, hukunci zai sha.

5/ Kuɗin fa? Tun 1937 akwai dokar Pittman-Robertson. Harajin kashi 11 cikin ɗari da ke kan bindigogin farauta da harsasai, hukumomin kula da namun daji na jihohi ake ba. Haɗa da kuɗin lasisi. Da su ake ƙidayar dabbobi, ake kula da dajin da suke kiwo.

6/ A farkon ƙarni na 20 elk ɗin da suka rage a Amurka ba su kai dubu 100 ba, saboda harbin kan mai uwa da wabi. Yau sun kai kusan miliyan ɗaya, kuma duk shekara ana farautarsu. To ina zaluncin?

7/ Kar ku ɗauka ina yabon mai hoton. Jarumtarsa ta saye ce. Dubban daloli ya biya, jagora ya ɗaura masa sirdi, ya bi sawu, ya nuna masa dabbar. Shi dai ya danna kunama. Tusa kai ga haɗari ma na jagora ne: a 2018 beyar ta kashe wani jagora a can yana cikin fiɗar elk.

8/ Kuma tsarin yana da son kai. A Wyoming baƙo zai iya yawo ko kamun kifi shi kaɗai a dajin nan, amma farautar manyan dabbobi dole sai da jagora. Wa wannan ya fi amfana? Masu sana'ar. In zagi za ku yi, ga wurin zagi.

9/ Amma mu da ke tsinuwa, je ka tambayi kakanka yaushe rabonsa da ganin barewa a bayan gari. Da rani a cinna wa daji wuta, a saki karnuka, a kashe mai ciki da mai shayarwa, ba lasisi ba ƙidaya. Yanzu yaro sai an kai shi Yankari ko gidan zu kafin ya ga naman daji da rai. Laifi tudu ne.

10/ Shi an ce masa ɗaya, ya tsaya a ɗaya, baɗi kuma zai tarar da wasu. Mu wa ya taɓa ce mana ɗaya? Wanda bai yarda ba ya zo da hujja, ina nan.