Don Allah A Daina Zargin Yaran Da Ke Turai Kan Maganar Ɗauko 'Yan'uwa

Akwai wani ƙorafi da ya yi yawa a zaurukanmu nan Kurmi, daga Agege zuwa Sabon Ibadan, wai wane ya shekara goma a Amurka ko Ingila amma ya kasa jan ko da ƙaninsa ɗaya, wai ya samu wuri ya manta da gida. Ina ganin ana ɗaukar alhakin yaran nan.

Na san inda tunanin ya samo asali. Mu nan da haka muka zo. Wani ya riga ka sauka, ya aika maka kuɗin mota, ka biyo tirelar shanu ko ta albasa, ka kwana a shagon maigida har ka kama sana'a. Ba wanda ya tambaye ka takardar da ta nuna yadda kuke da shi. Ko ɗan'uwanka na zangon Kumasi ne, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar shigowa ya yi kwana 90 ba biza. To sai muka ɗauka ko'ina haka ne.

A Amurka, kalmar ɗan'uwa tana da iyaka a doka, kuma iyakar ƙarama ce. Mai katin zama na dindindin, wato girin-kad, matarsa da 'ya'yansa marasa aure kawai zai iya nema wa. Ba shi da ikon ɗauko mahaifiyarsa, balle wa ko ƙani. Sai ya zama cikakken ɗan ƙasa, kuma ya kai shekara 21, sannan zai iya cike takardar da suke kira I-130 domin iyaye ko 'yan'uwan da suka haɗa uwa ko uba. Kawu, baffa, goggo, ɗan wa, ɗan ƙanwa, kaka, duk babu gurbinsu. Yaron da ka riƙa tun yana rarrafe, in ba a yi masa takardar riƙo ta kotu a kan lokaci ba, a wajensu baƙo ne.

Ko ga wanda ya cancanta ma, akwai layi. Gurbin wa da ƙani biza 65,000 ce a shekara ga duniya baki ɗaya, kuma jiran ya haura shekara 15. Wato in an cike maka kana saurayi, sai ka aurar da 'ya kafin a kira ka. Bayan haka mai ɗaukar nauyin zai sa hannu a takardar alkawari, I-864, ya nuna samunsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnatinsu, kuma alkawarin yana kansa har wanda ya ɗauko ya zama ɗan ƙasa ko ya yi aikin kusan shekara goma. Yaron da ke tuƙin tasi yana biyan haya, yana kuma aiko da na cefane duk wata, ta ina zai fara?

Sai kuma siyasa. A farkon 2020 gwamnatin Trump ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ta dakatar wa bizar ƙaura, Biden ya soke a Janairun 2021, sannan a Disambar 2025 Trump ya sake sa Najeriya cikin jerin waɗanda aka taƙaita wa shiga. Cacar biza kuwa an cire 'yan Najeriya tun zagayen 2015, saboda haka duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sa sunanka a caca, ka riƙe aljihunka.

Ta Ingila ce ta fi ba ni haushi. Tun watan Yulin 2012 suka tsaurara dokar ɗauko babban mutum mai dogaro da ɗan'uwansa. Dole a nuna cewa tsufa ko ciwo ko naƙasa sun kai shi ga ba ya iya wanka, sa tufafi ko dafa abinci da kansa. Wannan bai isa ba, sai an kuma nuna cewa a ƙasarsu ba za a samu mai kula da shi ba, ko kuɗin kulawar ya fi ƙarfin iyalin, ko da ɗan nasa yana aiko da taimako. Ku duba wannan da kyau. Ɗa nagari da ke turo fam duk wata, aka ɗauki mai aiki tana kula da Hajiya, shi da kansa ya kafa hujjar da za a hana shi. Kuma a gidan Bahaushe wa zai iya rantsuwa cewa tsohuwa ba ta da kowa, alhali ga suruka ga jikoki cike da tsakar gida? Wanda aka ba shi ma sai ya sa hannu cewa shekara biyar shi zai ɗauki nauyinta, ba ruwan gwamnati. A ganina dokar nan ba ta yi adalci ba, domin ta mai da son zama kusa da uwa abin da sai ta gama lalacewa ake duba shi. Amma rashin adalcin na masu dokar ne, bai kamata mu juye shi a kan yaron ba.

Inda muke da abin yi shi ne takardu. Ganawar bizar ƙaura ta Amurka a ƙaramin ofishin jakadancinsu na Legas ake yi, shi ya sa 'yan'uwa daga Arewa sukan sauka wajenmu, kuma muna ganin abin da ke kayar da su. Mutum ɗaya Mamman ne a takardar makaranta, Muhammadu a katin ɗan ƙasa, Mohammed a fasfo. Wa yana amfani da sunan uba, ƙani da sunan garinsu. Ranar haihuwa kowa 1 ga Janairu. Jami'in da bai san al'adarmu ba zai ga mutum biyu da ba abin da ya haɗa su, daga nan sai maganar gwajin jini, kuɗi kuma ya ƙaru.

Mafi muni shi ne shawarar 'yan kamasho, masu cewa a rubuta ɗan baffa a matsayin ƙani, ko a rage shekaru. Ƙarya a neman bizar Amurka tana iya jawo haramcin shiga na har abada, kuma tana iya jefa wanda ke can cikin matsala da nasa zaman.

Shawarata ga sarakunan Hausawa da limamanmu na nan ita ce su matsa wa iyaye su yi wa jarirai rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya tun kafin a yaye su, a tsayar da rubutun suna ɗaya ga 'ya'yan gida duka. Wanda kuma yake da ɗa a can, kafin ya yi fushi ya fara tambayarsa wace irin takarda yake riƙe da ita.