Fitilar Ƙari a Babur: Haɗarin Yana Wurin Mayarwa

Duk wanda ya saba bi ta bakin Babbar Kasuwar Katsina bayan magariba ya san yadda babura suka sauya kama a 'yan shekarun nan. Da wuya ka ga Boxer ko Jincheng ta ɗan acaba ba tare da wasu ƙananan fitilu biyu masu farin haske ba, ɗaure a ƙarfen kariya ko a ƙarƙashin babbar fitila. Ban ga laifin masu sanya su ba. Mai komawa gida da dare ta hanyar Batsari ko ta Kaita, ga ramuka ga dabbobi, ga hazon hunturu, yana da hujjar neman ƙarin haske. Abin da ya dame ni shi ne ranar da aka kai babur gyara, bakanike ya kwance fitilun don ya kai ga inji ko ya sauke tanki, sannan a ƙarshe a mayar da su cikin gaggawa, mai babur na tsaye yana duba agogo. A wannan ɗan lokaci ake shuka mafi yawan matsalolin da ke biyo baya.

Dalili kuwa a fili yake. Bakaniken inji daban, mai wayarin daban, kuma sau da yawa yaron shago ake bar wa mayar da fitila, domin ana ganin ƙaramin aiki ne. Shi kuwa yaro iyakar gwajinsa ya danna makunni, in ta kama shi ke nan. To, kamawar fitila ba ita ce shaidar an haɗa ta daidai ba.

Tun kafin a kwance ya kamata mai babur ya ɗauki hoton wayoyin da wayarsa ta hannu, ya ga inda kowace ta fito da inda ta bi. Idan an zo mayarwa, a fara cire kan batir na baƙar waya, kuma shi za a mayar a ƙarshe. Fitilun zamani na LED ba sa yarda a juya musu waya: ja tana zuwa ga wuta, baƙa ga jikin babur, a wurin da aka kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya fito. Kuma a lura da inda za a ɗebo wutar. A yawancin ƙananan baburan nan babbar fitila daga koyil take sha kai tsaye, shi ya sa haskenta ke ƙaruwa in an murza totur. Wanda ya jona LED a wannan layi zai ga tana kyaftawa, kuma ba za ta yi tsawon rai ba. Wanda ya jona ta a batir kai tsaye, ba ta bayan makulli ba, wata rana zai manta ta a kunne ya shiga kasuwa, ya fito ya tarar batir ya mutu.

Sai batun fiyus, wanda a ganina shi ne zuciyar al'amarin. Lissafinsa ɗan sakandare ma zai iya: a raba wat da bolt. Fitilu biyu masu wat 10 kowace, a kan batir mai bolt 12, ba su kai amfiya 2 ba, don haka fiyus mai lamba 5 ya wadatar. Masu wat 30 kowace kuwa amfiya 5 suke ja, nauyin da ƙaramin makunni da siririyar waya ba za su jure ba sai da rile, kuma mai yiwuwa cajin babur ɗin ba zai iya biyan bashin ba. Wurin fiyus kusa da batir ne, domin ya tsare dukkan tsawon wayar. Abin takaici, shi ne abu na farko da ke ɓacewa a wurin gyara. In ya ƙone, sai a naɗa masa zaren waya ko takardar kwalin sigari mai ƙyalli, a ce an gyara. Fiyus an yi shi ne don ya mutu a madadin babur. Wanda aka hana shi mutuwa ya bar wayar ta yi zafi har ta narke, alhali tana kwance a ƙarƙashin tankin fetur. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Mutanen Katsina ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wuta a kasuwa, domin gobarar watan Maris na 2021 a wannan Babbar Kasuwa ba ta gushe daga zukata ba. Ba babur nake ɗora wa alhakinta ba. Ina dai tunatar da mai karatu yadda ake jera babura a ƙofofin kasuwa, kafaɗa da kafaɗa, kowanne da mai a cikinsa, kusa da rumfunan atamfa da robobi.

Hanyar da waya ta bi ma abin dubawa ce. A nisanta ta da salansa da kan inji, a ɗaure ta, kada a bar ta tana lilo. Bayan an gama, a juya kan babur zuwa ƙarshen dama da ƙarshen hagu. In ta miƙe tsam ko ta matse, gobe za ta tsinke ko ta goge. Murɗa wayoyi biyu a naɗe da salatif ba ya wuce damina ɗaya. A sa a yi musu dalma, ko a saka soket.

Akwai kuma haƙƙin wanda ke tahowa ta gaba, kuma nan ne na fi ganin sakaci. Fitilar da aka mayar tana kallon sama ba ta haska wa mai ita hanya, sai dai ta dallare idon direba ko mai tafiya a ƙasa, ya yi daƙiƙu bai ga komai ba. Saitinta ba ya cin kuɗi. A tsayar da babur a wuri mai daidai, kamar taku goma daga bango, mai shi ya hau ya zauna, a kunna, a sunkuyar da fitilar har tsakiyar hasken ya faɗo ƙasa da tsayin ita kanta fitilar. Ɗan acaban kasuwa ya ƙara sunkuyar da tasa, domin da zarar ya ɗora fasinja da buhun masara, baya zai nutse, gaba ya ɗaga, hasken ya koma idon jama'a. A cikin hazo ma hasken da ke ƙasa ya fi amfani, don na sama ƙura ce ke maido wa mai tuƙi shi. A cikin gari kuwa, inda ake cunkoso tsakanin Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar Ƙaura, kashe ta ya fi. Masu ja da shuɗi da ke walƙiya a bar wa motocin jami'an tsaro da na asibiti.

Girgizar hanya tana kwance noti, musamman wanda aka taɓa kwancewa. A sa wasa mai sifirin a ƙarƙashinsa, bayan mako guda kuma a sake bin notocin da sufana, a koma gaban bangon nan a duba ko hasken yana nan inda aka bar shi.