Kada Mu Sayar Da Takubban Kakanninmu

Daga Wakilinmu na Arewa, Maiduguri

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kudu, yau maganata a kan tsofaffin takubba ce. A unguwanni irin su Limanti da Shehuri, kusa da fadar Shehun Barno, akwai gidajen da suka gaji takobi ko sulke tun zamanin Kukawa, kafin a kafa Yerwa a 1907. Idan talauci ya matsa, dillali yakan zo ya karɓe a kuɗi ƙalilan, takobin ya gangara Kudu wurin 'yan koli, daga nan sai ƙasashen waje. Masu wannan ciniki kuwa galibi 'yan'uwanmu ne. A ganina hasara ce babba.

Ku dubi mutanen Japan. Wani maƙerinsu, Masamune, ya yi zamani shekara wajen 700 da suka wuce, amma har yau masana suna gane aikinsa. Mai kimanta takobi a can yakan zare ƙota ya duba ƙarfen da ke ciki, inda maƙera kan sassaƙa sunansu. Ba a taɓa kankare tsatsar wurin, domin ita ke nuna shekaru. Duk tsohon takobi sai an yi masa rajista. Su ma sun ɗanɗana hasara: mafi shahara cikin takubban Masamune an miƙa shi ga 'yan sanda a 1945, bayan yaƙin duniya na biyu, har yau babu labarinsa.

Namu ya sha bamban da nasu. Baturen nan Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta ana shigo da ruwan takobi wajen 50,000 kowace shekara, yawanci daga Solingen ta ƙasar Jamus. Masu sana'armu ne suka yi musu ƙota da kube. Ke nan darajar takobinmu ba a ƙarfen kaɗai take ba. Tana ga sanin wanda ya rataya shi, da yaƙin da ya halarta, ko na zamanin Shehu Laminu ne ko na Rabe. Wannan kuwa sai a bakin dattawan gida. Ran da takobi ya bar gidansu, ya zama ƙarfe kawai.

Ga kuma doka. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba. Mai yin haka yana wasa da kurkuku.

To, mene ne abin yi? Idan kun je gida da salla, ku zauna da tsofaffi, ku rubuta tarihin takobin, ku ɗauki hotonsa da tambarin da ke jikinsa. Kada a kai wa mai wasa wuƙa, kada a goge da yashi. A shafa ɗan mai, a ajiye inda babu laima. Ambaliyar Alau ta Satumba 2024, wadda ta shiga har fadar Shehu, ta ishe mu ishara. Idan gida ba zai iya riƙewa ba, gara a kai gidan tarihi a rubuta sunan zuriyar.

Kai kuma da ke aika kuɗi gida, ka tambaya tun kafin dillali ya riga ka. Allah ya sa mu gane.