Kyan Ɗan Maciji a Tsintsiyar Hannu

Jama'a, wannan makon da rigima muka zo. Muna yawan karanta rubuce-rubucen da ke kwatanta kwamfutocin masu nutso a teku, waɗanda ake ɗaurawa a hannu kamar agogo, sai mu tarar an cinye shafi guda ana yabon launin allo da yadda suke haɗuwa da waya. Mu dai a wurinmu wannan talla ce, ba nazari ba.

Mene ne aikin na'urar? Duk mita 10 da mutum ya ƙara nutsawa, matsin da ke kansa na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar doron ƙasa, iskar naitirojin kuma tana ta narkewa a jininsa da tsokarsa. In ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa a jiki, kamar an buɗe kwalbar lemo, ta shanye masa ƙafafu ko ma ta yi ajalinsa. Na'urar ce ke auna zurfi da lokaci, ta ce masa dakata ko taso.

To, lissafin ba iri ɗaya ba ne. Shearwater ta Kanada tana bin tsarin Albert Bühlmann, likitan Zurich, wanda aka wallafa, kowa na iya bin diddiginsa. Suunto ta Finland ta daɗe a kan tsarin RGBM, mai tsaurarawa idan an yi nutso a jere. Ɗaura biyun a hannu ɗaya, ba mamaki kowace ta ba ka mintuna daban. Marubucin da bai faɗi wannan ba, me ya kwatanta?

Wasu za su ce inganci ne gaba, sauƙin amfani kuwa ado ne. Ba mu yarda ba. A wajen mita 30 naitirojin kan juya kai kamar maye. Ga duhu, ga safar hannu mai kauri. Na'urar da sai an danna maɓalli huɗu kafin a ga mintunan da suka rage, komai kyan lissafinta, ba abin dogaro ba ce.

Don haka duk wanda zai yi irin wannan rubutu a cikinmu, ya tambaya: wane lissafi take bi? Ana iya karanta ta a gurɓataccen ruwa? Batirinta fa, mai ita zai iya canzawa da kansa? Wani zai dogara da alƙalaminmu ya sayi abin da zai riƙe ransa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Mai ja, ga fili.