Wanda Ya Yar Ba Ya Kiran Mai Tsintuwa Ɓarawo

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a fadojin shayi na birnin Yamai, kuma duk wanda ya ratsa unguwar Banifandou bayan sallar isha'i, lokacin da samari suka fito da benci da buta da gawayi, ba zai rasa jin ta ba. Da zarar salular wani ta saki kiɗan jitar Mdou Moctar ko na Bombino, sai wani daga gefe ya yi tsaki ya ce ai Nasara sun sace kiɗan Nijar, sun kwashe shi sun kai Amurka suna cin kuɗi da shi. Sai a gyaɗa kai, a zuba shayi na biyu, a wuce zuwa hirar ƙwallo. Maganar tana da daɗin faɗi, domin tana ɗora laifi a kan wanda ba ya wurin. Amma idan aka bi tarihin faya-fayan farko na ƙungiyoyin jita na ƙasar nan ɗaya bayan ɗaya, za a tarar cewa yawancin abin da ake cewa an sace, yar da shi aka yi, wani kuma ya duƙa ya tsinta.

A fara da Mdou Moctar ɗin da ake jin sa a fadar. Ɗan jihar Tawa ne, bahago, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da hannunsa, da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko, mai suna Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a shekarar 2008. Babu kamfanin da ya buga shi a lokacin, babu shagon da ya sayar da shi. Daga salula zuwa salula waƙoƙin suka riƙa tafiya ta Bluetooth da ɗan katin memori, har suka ƙetara iyaka suka shiga Mali da Muritaniya, sau da yawa ma ba tare da sunan mai su ba. A can ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds na birnin Portland, ya ci karo da ɗaya daga cikinsu, ya sa ta cikin tarin waƙoƙin salula da ya fitar a 2011, ya kuma shiga cigiyar mai muryar har ya same shi. Shekaru goma bayan haka, a 2021, kamfanin Matador ya fitar da Afrique Victime, jaridun duniya suka ɗauka. Abin tambaya a nan shi ne: a cikin dubban mutanen da suka tura wa juna waƙoƙin Anar kyauta, mutum nawa ne suka taɓa tunanin ko dala ɗaya ta isa hannun mawaƙin?

Labarin Mamman Sani ya fi wannan ciwo, domin shi a tsakiyar Yamai abin ya faru. Malamin makaranta ne da ya mallaki ogan na lantarki ƙirar Italiya, samfurin Orla, ya riƙa juya waƙoƙin gargajiya na ƙasar a kansa. Ya shiga ɗakin naɗar sauti na gidan rediyon ƙasa ya naɗi faifai guda, aka buga kaset ƴan ƙalilan, daga nan zance ya mutu. Shekara da shekaru mutanen Nijar suna jin kiɗansa a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri, ba tare da sun tambayi ko na wane ne ba. Sai bayan fiye da shekaru talatin, a 2013, Sahel Sounds ya sake buga faifan, duniya ta san sunansa. Haka ma ƙungiyar Azna de l'Ader ta Tawa, wadda madugunta Mona ya shafe shekaru yana kiɗan rok mai ƙarar gaske da harshen Hausa: sai da wannan kamfani na Portland ya tattara tsoffin naɗe-naɗenta ya fitar da su da sunan Zabaya kafin ta samu faifan da ya zaga duniya. Ƙungiyar Hausawa, waƙa da Hausa, amma bayanin bayan faifan da Ingilishi.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa da naɗin farko, alhali shi ne mafi rauni, sauti duk ƙura, makaɗa ba su gama ƙwarewa ba? Amsar ita ce, a nan ne kaɗai ake ganin ɗinkin rigar kafin a goge ta. Wanda ya saurari Anar zai ji gangar inji da muryar da na'ura ta lanƙwasa, irin ta waƙoƙin finafinan Hausa da ake yi a Kano da Sakkwato a wancan zamani. Wato dai jitar Abzinawa ta bi ta ƙasar Hausa kafin ta isa Amurka. Jaridun waje sun fi son su kira mutumin Hendrix na Sahara, domin shi ne ma'aunin da masu karatunsu suka sani, alhali shi da bakinsa Abdallah Oumbadougou yake ambata a matsayin wanda ya fara burge shi. In ba don Anar ya tsira ba, da wannan babi na Sakkwato ya ɓace, da kuma labarin da baƙo ya tsara shi ne zai zama tarihi. Naɗin farko takardar haihuwa ce. Wanda ya bar takardar haihuwar ɗansa a hannun maƙwabci, kada ya yi mamaki in an sauya wa yaron suna.

Yana da kyau a leƙa yadda wasu suka yi da nasu. A farkon shekarun 1970 samarin Italiya sun kamu da son wani salon rok da ya fito daga Ingila, mai dogayen waƙoƙi da yawan sauya taki. Ƙungiyoyi irin su Premiata Forneria Marconi da Banco del Mutuo Soccorso suka ɗauki salon suka zuba masa harshen Italiyanci da daɗin waƙar ƙasarsu. Dukansu biyu a 1972 suka fitar da faya-fayansu na farko, kuma kamfanonin cikin gida ne suka buga. Sai daga baya, a 1973, kamfanin Manticore na Ingila ya ɗauki ta farkon ya fitar da ita da Ingilishi. Baƙo ya zo, amma ya tarar da abin a rubuce, da kwanan wata, da sunan kowane makaɗi, da masu saye a gida. Shi ya sa har yau ba wanda zai iya ba Italiyawa labarin kiɗansu. Ba wai sun fi ƴan Nijar basira ba ne. Sun dai riƙe rasit.

Kada kuma a ce ba za a iya yin haka a Yamai ba, domin an yi. Ƙungiyar Tal National, wadda Hamadal Issoufou Moumine, da aka fi sani da Almeida, ya kafa a shekarar 2000, ita ce hujja. Kiɗanta yana da sarƙaƙiya da gudu da yawan juyin taki, har masu sharhi na waje sukan kwatanta shi da wancan salon rok mai zurfi, ko da yake tushensa kalangu ne da kiɗan Zabarmawa da Fulani da Hausawa da Abzinawa. Wannan ƙungiya ba ta zauna jiran mai tsintuwa ba. Ta yi wasa dare bayan dare a gidajen biki da wuraren shaƙatawa na Yamai, ta fitar da faya-fayanta na farko a gida, cikinsu har da A-Na Waya na 2008, ta sayar da su a bakin titi da shataletale. Ita ce ta gayyato injiniyan sauti Jamie Carter daga Chicago ya zo Yamai ya yi mata aiki. Lokacin da kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da Kaani a 2013, ƙungiya ya tarar mai jama'arta da tarihinta. Kafin ita ma, Saadou Bori na Maraɗi da Moussa Poussy sun fitar da Niamey Twice a 1994, Mamar Kassey ta Yacouba Moumouni kuma ta fitar da Denké-Denké a 1999. Hanya dai a share take.

Gaskiya ne, masu ƙorafin fada ba su rasa abin kamawa ba. Faifan garmaho da ake bugawa a Amurka ko Turai ya fi ƙarfin aljihun ɗan Banifandou, kuma ko ya saya ba shi da abin juya shi. Kunnen baƙo ne ke zaɓen abin da zai fita, shi ya sa jitar hamada ta samu kasuwa, wasu salon kuwa suna nan zaune. Yarjejeniyar da aka rubuta da Ingilishi kuma, mawaƙin da bai yi lakwal mai nisa ba yana iya sa hannu a kanta bai san iyakarta ba. Duk waɗannan abin a sa ido ne. Amma ba ɗaya daga cikinsu da tsaki zai magance, kuma dukansu sun samu ƙofa ne saboda gida ya bar ta a buɗe.

Akwai kuma uzurin talauci, cewa ƙasar da ke fama da fari da rashin tsaro ba ta da lokacin tsohon kaset. Wannan uzuri da ya karɓu in da aikin na buƙatar dukiya mai yawa. Juya kaset zuwa kwamfuta ba ya buƙatar fiye da rediyo mai kyau, da igiyar sauti, da mutum mai haƙuri da zai rubuta suna da shekara. Ƙasar da ta ƙirƙiro gasar Dan Gourmou tun 1987 don ƙarfafa kiɗan zamani, ta kuma gina cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Elhaji Taya a Yamai, ba za ta ce ba ta san darajar abin ba. Abin da ya fi kuɗi ƙaranci shi ne mutunta makaɗi. Har yanzu a gidaje da dama ana kallon mai jita a matsayin maroƙi ko ɗan iska, wanda ake rawa da kiɗansa ranar biki amma ba a ba shi ɗiya. Al'ummar da ke wa mutum wannan kallo ba za ta adana muryarsa ba, sai ranar da ta ga hotonsa a jaridar Faransa ta tuna cewa nata ne.

Abin yi a bayyane yake. Ma'aikatar da ke kula da al'adu ta wajabta ajiye kwafi na duk faifan da ɗan ƙasa ya fitar, a gida ko a waje. Gidan rediyon ƙasa ya fitar da jerin abin da ke cikin taskarsa, kowa ya gani. Hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, ta taimaka wa matasan makaɗa su fahimci takarda kafin su sa hannu, a kuma sa sharaɗin cewa kwafin asali zai dawo gida. Malaman makarantu su tura ɗalibai su tambayi iyaye da kakanni kaset ɗin da ke cikin tsoffin akwatuna, a rubuta bayaninsu da Hausa da Zabarmanci. Su kuma ƙananan ƙungiyoyin da ke atisaye yanzu haka a zaurukan unguwanni, su rubuta ranar naɗi da sunan kowane mai ganga da mai jita, ko da a salula suka naɗa.

Saura ƴan fada. Zafin Yamai da ƙurar hunturu ba sa jiran kowa, zaren kaset kuma yana mutuwa kamar yadda mutum ke mutuwa. Duk wanda ke da kishin da yake faɗi, ya fara da tambayar sunan mai waƙar da ke cikin salularsa, ya je wasansa ya biya kuɗin ƙofa. Wanda bai yi wannan ba, in ya ji ana juya faifan a Portland, sai ya sha shayinsa ya yi shiru. Allah Ya sa a farga tun da sauran abin tsinta.