Cin Ɗanyen Abinci Zalla: Kada Mu Kashe Murhu Saboda Bidiyon Waya



Kwanan nan wasu bidiyoyi na ta yawo a wayoyinmu, ana cewa wuta ce ke kashe amfanin abinci, wai duk wanda ya koma cin ɗanye zalla zai rabu da ciwon suga, hawan jini da teɓa. Da farko na ɗauki abin wasa, sai da muka je dubiyar wani dattijonmu a Agege. Mai ciwon suga ne, ya ajiye maganinsa ya koma kankana, ayaba da dabino safe da yamma. Bai cika wata guda ba aka kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti. Allah Ya ba shi lafiya. Wannan ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Ba ƙarya ce zalla masu bidiyon ke faɗa ba. Dafuwa mai tsawo tana rage sinadarin bitamin C a ganye, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a kullum. A nan kam muna da sakaci. Mu ne ke sauke tumatir, karas, kabeji da gurji a Mile 12, amma sai mu wuni kan biredi, shayi da taliya. Ɗanye ba baƙonmu ba ne. Da yalo, gauta, aya da goruba muka tashi.

Inda na rabu da su shi ne cewa a bar wuta gaba ɗaya. Rogo mai ɗaci, wanda ya cika gonakin Kudu, yana ɗauke da guba. Shi ya sa ake gurza shi, a matse, a bar shi ya kwana biyu, sannan a soya kafin ya zama garin kwaki. Wake ba ya ciwuwa sai ya dahu. Ɗanyen ƙwai na jawo gudawa da zazzaɓi, madarar da ba a tafasa ba kuma na iya ɗauko tarin fuka daga saniya. Ba banza ba Fulani ke dafa madara kafin su yi kindirmo. Shi kansa tumatir, wani amfaninsa sai an dafa shi da ɗan mai jiki ke samu sosai.

Sai batun ruwa. Ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024 ba. Wanda ya dafa abincinsa, wuta ta kashe masa ƙwayoyin cutar. Wanda ya ci latas ɗin da aka ɗauraye da ruwan da bai san asalinsa ba, me ya tsare shi?

Ku duba kuma aikinmu. Ɗan dako da ke ɗaukar buhun albasa tun asuba, da maigadi mai kwana a tsaye, da uwa mai shayarwa, yaya gurji da lemu za su riƙe su? Aljihun ma ba zai ɗauka ba. Ga bitamin B12 da jini ke buƙata, daga nama, kifi, ƙwai da nono ake samunsa, ba daga ganye ba.

Shawarata ita ce mu ƙara ɗanye, kada mu kashe murhu. A ci tuwo da miyar kuka, a haɗa da karas ko gwanda a gefe. A wanke da ruwa mai tsafta, a fere abin da ke feruwa. Wanda likita ya ɗora kan magani kuma, kada ya ajiye shi saboda maganar wanda bai taɓa auna jininsa ba. Kafin ka tura irin wannan bidiyo, ka tuna wataƙila mahaifin wani ne zai yi aiki da shi.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ƙara mana lafiya da zama lafiya.

Naku, Sakataren Ƙungiya.