Tiya tamu ce, amma mu san kilonta

Ƴan'uwa manoma, ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, yau maganar awo za mu yi.

Wasu na cewa a yar da tiya, a kama kilo kaɗai. Ni ban yarda ba. Da tiya uwargida ke ɗibar hatsin daka, da dami ake fidda zakka, da taki ake shibka. Ba mai raba mu da su. Amma tiya tana da aibi guda: ta wannan kasuwa ba ta waccan ba ce. Wata mai zurfi ce, wata an buga gindinta. Wani ya yi mata tozo, wani ya tare da hannu. Kilo kuwa, wanda aka kafa a Faransa a 1795, giram 1000 ne a Maraɗi, giram 1000 ne a Tawa da Damagaram.

Ku duba wannan lissafi. Tiyar hatsi kusan kilo 2 da rabi ce, saboda haka tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100. To, in tiyar mai saye ta fi taka da giram 200 kacal, ido ba ya gani. Amma sau 40, kilo 8 ke nan, fiye da tiya 3 a kowane buhu. Mai buhu 10 ya ba da tiya 32 kyauta, ba a ko yi masa godiya ba! Abincin kwana nawa ne wannan a gidanka lokacin bazara?

A gona ma haka ne. Hekta ɗaya fili ne mai metir 100 a tsawo, metir 100 a faɗi. Takin mutum bai cika metir ba, kuma na dogo ba na gajere ba ne. Wanda ya ƙirga taki 100 ya ce ya samu hekta, ya ruɗi kansa, zai ci bashin takin zamani fiye da abin da gonarsa ke bukata.

In ka shibka hatsi metir guda tsakanin rami da rami, hekta na ɗaukar rami 10.000. Masu bincike na ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, sun nuna giram 6 na takin 15-15-15 sun isa rami ɗaya. Giram 6 kuwa cikin marfin kwalbar lemo ne. Duka kilo 60 ke nan, wato buhun taki mai kilo 50 da ƙarin kilo 10. Kun gani, marfin kwalba ya zama ma'auni na gaskiya don an san giram ɗinsa. Haka nake so mu yi wa tiya.

Ga shawarata. Kowane gari ya zaɓi tiya ɗaya, a kai ta wurin ma'aunin kilo na kwaperatif, a auna ta gaban maigari. A auna hatsi daban, dawa daban, wake daban, gujiya daban, don nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ku masu karatu ku rubuta a littafi. Sannan ku nemi igiya, malamin gona ya auna muku metir 10, ku ƙulla ta a kowane metir. Kafin ruwan shibka ya sauka, kowa ya auna gonarsa da ita.